Injin sassaƙa mai wutsiya: sai da na sayi uku kafin na samu mai cin ƙirya

Tun ranar da na ɗora hoton wani ƙyaure mai dagi da na sassaƙa a Facebook ban huta ba. Wannan ya ce na'ura mai kwamfuta ce ta yanka, wancan ya ce daga Kano na sayo na laƙa sunana. Ba kwamfuta, ba Kano. Hannuna ne, da wani inji da muke ce wa mai wutsiya a rumfarmu. Da na faɗi haka sai wata sabuwa ta taso, matasa suka shiga turo mini hotunan injuna daga Jumia da Jiji, kowa na cewa "Oga, wannan fa, zai yi?" Na gaji da amsa wa mutum ɗai-ɗai, shi ya sa na ce bari in zauna in zayyana abin da na sani, tunda kuɗina ne ya ƙone kafin na san shi.

Ni masassaƙi ne ɗan masassaƙi, haifaffen cikin garin Bauchi, rumfata tana kusa da 'yan katako ta wajen kasuwar Muda Lawal. Baba da turmi da taɓarya da akushi da ƙota ya ciyar da mu, kayan aikinsa gatari da gizago da 'yar wuƙa. Ni kasuwa ce ta juya ni. Roba da silba sun kori akushi daga tsakar gida, injin niƙa ya rage wa turmi aiki. Abin da ke kawo kuɗi yanzu kayan ado ne: allon sauka, sandar girma, akushin jere na amare, allon karramawa da ma'aikatu ke miƙa wa wanda ya yi ritaya, sai ƙyaure mai zane in Allah ya kawo mai hali. Duk aikin lungu da saƙo ne, inda bakin gizago ba ya shiga.

Ga wanda bai taɓa ganin injin ba, moto ne da ake ratayewa a sama da kafaɗar mai aiki. Daga gindinsa wata igiya mai kauri ta sauko, tsawonta kusan mita ɗaya. A cikin igiyar akwai murɗaɗɗiyar waya mai juyawa, mu hanji muke ce mata. Duk wanda ya taɓa zare kebur ɗin mitar babur ya san ta, dabara ɗaya ce, sai dai wannan ta fi kauri. A ƙarshen igiyar akwai mariƙi kamar ƙaton alƙalami, a bakinsa ake ɗaura haƙorin da ke cin itace. A ƙasa kuma ga mataki irin na keken ɗinki mai lantarki, ka taka kaɗan ya juya a hankali, ka danne ya yi kuka. Nauyin moto yana can rataye, hannunka alƙalami kawai ya riƙe. Maƙeran zinare da masu haɗa haƙoran roba sun daɗe da shi kafin mu masassaƙa mu farga.

Na farkon da na saya a 2021 ba na ratayewa ba ne ma. Ɗan ƙaramin nan ne na hannu da ake jona wa siririyar wutsiya, wanda kowa ke ce wa Dremel, kamar yadda kowane garin wanki ya zama Omo a bakinmu. Dremel na asali kamfanin Amurka ne tun 1932, yanzu yana hannun Bosch. Nawa ba shi ba ne, wani marar suna ne a akwatin roba, naira 18,000, da haƙora sun fi ɗari a jere kamar kayan wanzami. Abin da ya ja ni shi ne lambar da ke jikin kwalin: juyi 35,000 a minti ɗaya. Na ce lallai wannan ƙirya ma sai ta rusuna masa.

A kan ƙwarya ya yi aiki, ba zan ci amanarsa ba. Ya kuma rubuta suna a jikin allon aduwa tsaf. Da na kai shi kan maɗaci sai ya fara baƙanta wuri yana hayaƙi, ƙona itacen yake yi, ba yanka ba. A kan ƙirya kuwa da na ɗan danna sai kukan ya sauka ya tsaya cik. Ga shi motonsa a kan tebur yake kwance, daidai inda garin katako ke zuba, fankarsa na zuƙa tana cusa wa cikinsa. Wata huɗu ya yi ya mutu. Haƙoran nan fiye da ɗari kuwa, waɗanda suka yi mini amfani ba su wuce biyar ba, sauran duwatsun wasa ƙarfe ne da audugar goge azurfa. Har yau suna cikin gwangwani.

Na daɗe ina tsine wa injin nan kafin na gane laifin nawa ne, linzami na sa wa bakin kaza. Gudu daban, ƙarfi daban. Babur ya fi tifa gudu, amma a loda masa yashi a gani. Lambar da suke bugawa da manyan baƙaƙe a kwali gudun moto ne lokacin da ba ya taɓa komai, yana kaɗa iska kawai. Abin da masassaƙi ke bukata shi ne moton da zai ci gaba da murɗawa bayan haƙori ya nutse a itace. Akwai kuma wani lissafi da wani malamin kwalejin kimiyya ya yi mini a bayan takardar rasit, ranar da ya zo karɓar allon karramawa. Ya ce abin da ke yanka itace gefen haƙori ne, ba tsakiyarsa ba. Haƙori mai faɗin milimita 20 in yana juyi 18,000, gefensa na tafiyar kusan mita 19 a daƙiƙa ɗaya. Ɗan siriri mai milimita 3 ko da yana juyi 35,000 bai kai mita 6 ba. Ashe babban haƙori a kan moto mai sanyin gudu ya fi ƙaramin cin itace nesa ba kusa ba, in dai moton na da ƙarfin juya shi. Ƙananan injunan nan kuwa, har na asalin, bakinsu ba ya karɓar ƙafar haƙorin da ta wuce milimita 3.2. Ba aibi ba ne, haka aka yi su. In sana'arka zanen ƙwarya ce, ko rubuta suna, ko ƙananan kayan ado, ka sayi na ƙwarai daga cikinsu da wutsiyarsa ka huta, ba ka bukatar sauran surutun nan nawa.

Na biyu na ratayewa ne, a 2022. Wani direba da ke zirga-zirgar Kano ya sayo mini a Sabon Gari, naira 47,000. Ɗan China ne, ba sunan kamfani a jikinsa sai lambobi, amma an kwaikwayi siffar na Amurka sak, har launin. Ranar da na fara taka shi na ji bambanci a tafin hannuna. Maɗaci ya daina ƙonewa, ya fara zubar da gari. Na yi aikin sanda shida da shi kafin babbar Sallah, ya mayar da kuɗinsa.

Amma araha ba ta ado. Matakinsa na roba ne marar nauyi, yana gudu a ƙasa sai na bi shi da ƙafa, kuma bai san tsaka-tsaki ba. Ka taka, shiru, ka ƙara, shiru, can sai ya zabura gaba ɗaya kamar dokin da aka tsikara. Wanda ke bin siririn layin dagi ya san abin da zabura ɗaya ke jawowa. Alƙalaminsa kuma yana da 'yar rawa. Ido ba ya ganinta sai ka ɗaura dogon abu miƙaƙƙe ka juya a hankali, sannan za ka ga tsinin yana zana da'ira a iska. Bayan awa ɗaya yatsuna su yi ta zuga kamar na yini a kan babur. Boris ɗin ciki ne ba na kirki ba.

A kansa ne kuma na yi wautar da har yau yaran rumfa ke yi mini dariya. Ranar wata Alhamis na dawo daga ɗaurin aure da jamfa mai faɗin hannu, na ce bari in ɗan ƙarasa wani lungu kafin in cire. Haƙori ya taɓa bakin hannun rigar. Kafin in ce innalillahi ya naɗe yadin har gwiwar hannu, sai na ji ƙas a cikin igiya, komai ya tsaya. Hanjin ne ya tsinke. Daga baya na gode wa Allah da ya tsinke ɗin, don da bai tsinke ba fatata ce za ta biya. A nan na gane hanji abin ƙarewa ne kamar takalmin birki, shi ne wurin da ya fi rauni a injin, in wahala ta yi yawa shi ke fara sadaukar da kansa. Abin da ya ƙona mini rai shi ne neman wani. Na zaga kasuwar Wunti, na zaga Muda Lawal, na shiga Santaral, ba wanda ya ma gane abin da nake nufi. Wani mai kayan babur ya ba ni kebur ɗin mita muka gwada, ya yi siriri, bakin ma bai shiga ba. Mako uku inji na rataye kamar ƙwarya a ragaya, har direban nan ya sake komawa Kano.

Duk da haka ban ce kar a saya ba. Yana nan har yanzu, shi ke yi mini aikin sanfefa. Wanda aljihunsa iya nan ya kai, ya saya, amma ya je da ƙafarsa, zuwa da kai ya fi aike. A jona a gabansa, ya taka matakin a hankali ya ga ko yana tashi daki-daki, ya ɗaura abu miƙaƙƙe ya duba rawa. Kuma kar ya bar shagon sai da hanji biyu na ajiya da kabon biyu (gawayin nan da ke kai wuta cikin moto), a ranar, daga hannun mai shagon, don gobe in ya dawo za a ce masa wannan samfurin ya ƙare.

Na ukun rabo ne ya kawo shi. Wani dattijo maƙerin zinare da Baba ya sani tun suna samari, idonsa ya yi rauni, 'ya'yansa kuma ba wanda ya gaji sana'ar. A watan Fabrairun 2023 ne, lokacin wahalar canjin kuɗi, da mutum zai yini a layin banki ya dawo da naira dubu biyu. Na je gaishe shi na ga injin a rataye an lulluɓe shi da tsohon zane. Na ce, "Alhaji, wannan fa, ya daina aiki ne?" Ya ce, "Ni ne na daina, ɗana, shi ko gobe." Daga Dubai ya taho da shi shekarun baya. Muka daidaita a naira 120,000, na tura ta waya, kuɗin ya yi kwana biyu a hanya bai shiga ba. Alhaji ya ce in ɗauka in tafi, ai ya san gidanmu.

Foredom ne, samfurin da suke kira SR. Kamfanin Amurka ne da ke wannan sana'a tun 1922, kuma siffarsa ce 'yan China ke kwaikwaya. Ƙarfin moton kashi ɗaya cikin shida na doki ne a ma'aunin injuna, iyakar gudunsa juyi 18,000, wato kusan rabin abin da aka rubuta a kwalin na farkona. Amma ka nutsa babban haƙori a ƙirya ka ji yadda muryarsa ke yin ƙasa kaɗan ya ci gaba da tafiya. Abu na farko da na duba kafin in ciro waya shi ne ɗan farantin da ke jikin moton, na ga an rubuta 230. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka 120, kamfanonin can kuma iri biyu suke yi. Wani abokina ɗan'uwansa ya aiko masa da wani injin daga can, da murna ya sa masa adafta ya jona, ko minti ɗaya bai yi ba ɗakin ya cika da ƙauri. Adafta siffar baki kawai take canzawa, ba ta rage wuta. In na Amurka ne ya faɗo hannunka, sai ka haɗa da taransifoma mai sauke wuta.

Abin da ya fi burge ni ba moton ba ne ma, matakin ne. Yana bin ƙafa kamar totur ɗin mota mai lafiya. Zan iya sa haƙori ya juya a hankali har in riƙa ganin tsagoginsa, in shiga kwanar dagi, in na fito fili in danna. Kafin in same shi ban san rabin gwanintar aikin nan a tafin ƙafa take ba. Yanzu takalmi ma cirewa nake yi in zan zauna.

Alƙalamin da ya zo da shi mai lamba 30 ne, na maƙera, mai baki uku da ake ɗaurewa da ɗan makulli kamar na injin huda. Yana kama komai daga siririn allura har milimita 4. Ga ƙananan aiki ba shi da na biyu, don ba sai ka canza komai ba, ka kwance ka sa wani haƙori kawai. Amma manyan haƙoran cin itace ƙafarsu ta fi haka kauri. Sai da na yi odar wanda suke kira 44T, wanda masassaƙa suka fi amfani da shi, ta hannun wani ƙanen matata da ke karatu a waje. Shi da zobba yake aiki, kowace ƙafa da zobenta, har zuwa kwata na inci. Canza alƙalami kuwa ba wuya, fizge wannan za ka yi ka tura wancan ya shige.

A nan ma na sake yin tuntuɓe, kuma ina so a ji wannan da kyau don ba wanda ya gaya mini. Kwata na inci milimita 6.35 ne. Haƙoran China da na Turai da ake samu a kasuwanninmu yawanci milimita 6 ne cif. A ido ɗaya suke. Na sa mai 6 a zoben kwata na ɗaure iya ƙarfina, ina cikin aiki ya riƙa zamewa yana fitowa, saura kaɗan in lalata zoben. Haka abin yake tsakanin milimita 3 da ɗaya bisa takwas na inci. Akwai zobba na milimita, sai ka faɗa a lokacin oda. Ni ban faɗa ba, na ƙara jiran wata biyu.

Maganar haƙora kuwa, in da zan koma baya da na fara zuba kuɗi a kansu kafin inji. Irin da ya canza mini aiki shi ne mai ƙayoyi kamar bayan bushiya, na ƙarfen kabayid. Kutzall da Saburrtooth da Typhoon duk irinsa suke yi. Ba ya fizgar itace kamar mai tsaga-tsaga, gurzarsa yake yi, don haka ko ka gitta jijiyar itacen ba ya ɓantarewa. Guda uku nake da su: mai kan ƙwallo, mai siffar harshen wuta, da miƙaƙƙe. Su ukun sun fi mini gwangwanin nan na ɗari. In ɗanyen itace ko mai ƙaro ya toshe su, wuta nake ɗan nuna musu in goge da burushin tagulla su dawo sababbi. Wani amfaninsu kuma, suna ci ta kowane ɓangare. Moton SR yana juyawa gaba yana juyawa baya, to yarona bahago ne, in ya karɓa sai ya mayar da shi baya gari ya daina watso masa a fuska. Sharaɗi ɗaya, sai moto ya tsaya cik kafin a taɓa makunnin, kuma mai tsaga-tsaga ba ya yanka da baya, shafa kawai yake yi.

Riƙon alƙalamin kamar mai feraye rogo ne. Babban yatsa a kafe a jikin itace, sauran su jawo. Haƙori kullum yana da inda yake son ya gudu da kai, kai kuma kishiyar nan za ka bi. In ka bi son ransa zai hau kan aikin ya yi tsere, ya bar maka tabo a wurin da ka gama gyarawa.

Ƙyauren da ya jawo duk wannan magana na maɗaci ne, dagi huɗu da zanen igiya a gefe. Irinsa na taɓa yi da kurfi da wuƙa, kwana tara na yi. Wannan kwana huɗu, har da ranar da aka yini ba wuta. Cikin akushi kuwa, wurin nan mai lanƙwasa da ake shan wahalar kankarewa, yanzu aikin rabin awa ne.

Sai dai kar wani ya ɗauka zai jefar da gizago. Ba a fafe turmi da wannan injin, ba don haka aka yi shi ba. Ni har yau gatari ke fara aiki, gizago ya bi, sai siffa ta fito sannan in miƙa hannu sama. Wanda manyan aiki ne gabansa kullum, kamfanin na da samfurin TX, mai kashi ɗaya cikin uku na doki da juyi 15,000. A lura, ya fi ƙarfi ninki biyu amma ya fi sanyin gudu, kuma da nasa matakin daban yake tafiya. Ni ina ganin ga irin aikina SR ya wadatar. Matsalar da ke gabanmu mu 'yan nan ita ce kuɗi da nisa. Sabon SR da matakinsa da alƙalaminsa ya haura dala 300 kafin a yi maganar jirgi da kwastan, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 kowa ya san abin da dala 300 ta zama. Da na yi jinkirin wata huɗu da ban iya saye ba, ko na hannu. Kayan gyaransa ma sai an yi oda. Abin da ke kwantar da hankali shi ne akwai su, kowane ƙusa da lambarsa, ba kamar marar sunan nan da sai an yi ta kwatance ba. Sayen na gari mayar da kuɗi gida, haka ne, amma sai akwai kuɗin tukuna.

Wuta ba ya ci da yawa. Ƙaramin janaretan nan mai shan haɗin fetur da baƙin mai yana ɗaukarsa har da fitila da fanka. Abin da nake gudu shi ne ranar da aka kawo wuta ba ƙarfi, ƙwan fitila ya yi ja kamar garwashi. A irin wannan rana kowane moto wahala yake sha, ya rage gudu ya ɗau zafi. Na sa sitabilaiza, in kuma abin ya yi muni in kashe in koma wuƙa.

Kulawarsa ba ta da yawa amma ba ta son mantuwa. Bayan kamar awa 50 na aiki a zare hanji a goge a shafa giris. Shafawa kaɗan, kamar mai shafa man kaɗe a leɓe da hunturu. Na taɓa ganin yarona ya ɗibga masa kamar mai cika boris ɗin tirela, giris ɗin ya gangaro cikin alƙalami ya riƙa zafi har ba ya riƙuwa. Bayan shafawa a bar shi ya ɗan juya ba alƙalami, rarar ta fito a goge. Igiya kuma ba ta son a karya ta. A rataye moto sama yadda za ta sauko da lanƙwasa mai faɗi, in ka ji wani wuri a jikinta ya yi ɗumi to nan ta tanƙware da yawa. Ni ƙarfen labule na kafa a saman benci na sa ƙugiya, moton na bina hagu da dama. Kabon kuma a riƙa leƙawa, in ya cinye a canza duka biyun tare. Da hunturu, ga ƙurar gari ga ta katako, duk Alhamis nake hure ramukan iskar moton da famfon keke.

Garin nan shi ne abin da na fi tsoro a duk sana'ar, fiye da yanka. Gizago ɓamɓaroki yake zubarwa a ƙasa, mata su kwashe su hura wuta. Inji kuwa ƙura yake tayarwa mai laushi kamar hoda, ta tsaya a iska. Ranar da na yini a kan maɗaci ba takunkumi, har dare ɗacinsa na maƙogwarona, tuwo ma ɗaci ya yi mini, na kwana ina tari. Takunkumin yadi irin na lokacin korona ba ya tare ta. Na sayi mai matata biyu irin na masu fentin mota, da tabarau, na sa fanka tana kora ƙurar waje. Na sa baduku ya ɗinka mini walki na fata, don haƙori in ya taɓa yadi naɗewa yake, in ya taɓa fatar walki zamewa yake. Safar hannu ta ulu kuwa ko kusa, gara hannu tsirara. Carbi ma a aljihu.

Baba har yau bai yarda da shi duka ba. Yakan zo rumfa da hantsi ya zauna a kan wani turmi da ya kife. Da yake ni ne ɗan fari ba ya kama sunana, sai dai ya ce, "Kai, kashe mana sauron nan mu gaisa." Ranar da na gama wani akushi na miƙa masa ina jiran yabo, ya shafa ciki ya shafa waje, ya ce, "Ya yi sumul kamar na roba. Ina sawun hannunka?" Na ce, "Baba, ai haka masu saye ke so." Bai ce komai ba. Bayan mako biyu wasu baƙi da suka fito daga Yankari suka tsaya, suka tsallake nawa guda biyar masu sheƙi suka ɗauki wani tsohon nasa da ke ƙarƙashin benci muna zuba ƙusa a ciki, mai sawun gizago ɗaya bayan ɗaya. Tun daga ranar, in inji ya gama nasa, nakan bi bayan akushi da wuƙa in bar sawu. Ciki kawai nake bari sumul.

Masu turo mini hoto, ku daina turo na kwali, kwali ba ya sassaƙa. Ku ɗauko mini farantin da ke jikin moto in ga 220 ko 230, ku ɗauko bakin alƙalami, ku tambayi mai kaya kaurin ƙafar da yake kamawa da ko yana da hanjin ajiya, sannan ku faɗa mini itacen da kuke aiki da shi. Mai aduwa da malaina ba amsarsa ɗaya da mai ƙirya da marke ba. Wanda ke cikin Bauchi kuma ya zo da guntun itacensa bayan la'asar, in akwai wuta, ya taka na China ya taka na Alhaji da ƙafarsa. Ya taho da takunkuminsa, nawa ɗaya ne. Ranar Juma'a ba na buɗewa.